Babur Ɗin Da Zai Dawo Da Kai Gida

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma babu wanda ya fi marubuci bukatar wannan mabuɗi. Wanda yake son waƙar noma daga bakin manoma, ko tarihin Turunku daga bakin dattawan da suka gaje shi, ba zai same su a zauren gidansu a Kwarbai ba. Dole ya fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Doka, ya bar kwalta, ya hau burji, ya faɗa turbar shanu. To, mu malaman makaranta da albashi bai kai mu ga mota ba, babur shi ne dokinmu, shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan tattauna da mai karatu a kan yadda ake zaɓensa.

Sau da yawa matasanmu sukan nuna mana hotunan manyan baburan Turawa a waya, masu nauyin da ya haura kilo 200, su ce wannan ne abin shiga daji. Lalle suna da kyau. Amma tambayar da muke yi musu ita ce: in ya kayar da kai a lakar fadamar Galma cikin watan Agusta, babu kowa kusa, wa zai taya ka ɗaga shi? Ƙaramin babur mai kilo 100 da 'yan kai, kai kaɗai za ka tashe shi, in ta kama a ɗora shi a kwalekwale a haye da shi. Ko a gasar Faris zuwa Dakar ta farko, wadda ta ratsa Agadas aka kammala ta a 1979, Cyril Neveu da ya zo na ɗaya Yamaha XT500 ya hau, mai silinda ɗaya tak, wanda ba shi da wani tarkace.

Abu na biyu, kafin ka je wurin dillali, fara zuwa wurin bakanike. Ba na Tudun Wada ko Sabon Gari ba, a'a, wanda ke ƙarƙashin bishiya a kasuwar Anchau ko Pambeguwa. Abin da ya iya kwancewa ya ɗaura, wanda kuma kayan gyaransa ke rataye a rumfar da ke gefensa, shi ne babur ɗinka. Wannan ne sirrin Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya, da Jincheng ta ƙasar Sin, da suka cika ƙauyukanmu. Kamfanin Honda ma da ya fito da CG125 a 1975, ya ƙera shi ne musamman saboda ƙasashe irin namu, inda ake lafta wa babur kaya, ba a kuma damu da juyen baƙin mai a kan lokaci ba. Injin da iska ke sanyaya shi, mai kabireta, mai tashi da kik ko batir ya mutu, ya fi mana wanda sai an jona masa kwamfuta kafin a gane ciwonsa.

Daga nan sai a duƙa a dubi ƙasa. A duba tazarar da ke tsakanin cikin injin da ƙasa, domin dutse da kututture ba su san kuɗin da ka kashe ba. Wili mai wayoyi in ya lanƙwashe ana miƙe shi, na zubi kuwa in ya tsage ya gama aiki. Taya mai tub, kowane mai faci ya san ta. A auna girman tanki da yawan shan mai, domin tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, lita ɗaya ma abar lissafi ce, ga shi a ƙauye sai a galan wurin 'yan bumburutu.

Akwai kuma wani abu da iyayenmu da suka hau Vespa ba su san shi ba. Babur ɗin da ya fi iya daji shi ne 'yan bindiga suka fi so, har akwai nau'in da jama'a suka laƙaba wa suna “Boko Haram”. Wanda ya hau irinsa ya doshi yankin Birnin Gwari, ga tuhuma a shingen jami'an tsaro, ga kwaɗayin ɓarayi a gaba. Ba mu manta ba, a 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur na wata 3 saboda matsalar tsaro. Ashe ke nan zaɓen babur ya haɗa da zaɓen hanya, da ajiye takardunsa a aljihu, da tambayar mutanen gari kafin a wuce, da sauka kafin magariba.

Ba muna cewa babban babur ba shi da rana ba ne. A 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan ya iso Legas a kan babur domin yaƙi da cutar shan inna, kuma tafiya irin wannan tana son inji mai ƙarfi. Sai dai shi ƙasashe ya ratsa, mu kuwa tsakanin Soba da Kauru muke kai da kawowa, da kuɗin adashin shekara guda, ga iyali na jiran dawowarmu.

Saboda haka, ɗan'uwa marubuci, in ka tashi saye, rage wani abu daga kuɗin ka sayi hular kwano, da famfo, da fulogi, da sifana. Labarin da ka ɗebo a ƙauye sai ka iso gida lafiya zai hau takarda. Allah Ya kiyaye hanya.