Ƙasar da Ake Rage wa Magana Nauyi

Mutumin Ingila ba ya faɗin abu da girmansa. In ruwan sama ya wuni ya kwana yana zuba, sai ya ce maka garin da ɗan laima. In abinci ya ratsa shi, iyakarsa ya ce ba laifi. A zamana a Landan, wata dattijuwa maƙwabciyata ta taɓa ce mini ba ta ɗan jin daɗin jikinta, ashe tiyatar zuciya ake shirin yi mata.

Su kansu suna alfahari da wannan hali, kuma labarin Kyaftin Eric Moody ba ya barin bakinsu. Ranar 24 ga Yuni, 1982, jirginsa na British Airways ƙirar Boeing 747 ya taso daga Kuala Lumpur za shi Perth, ya kutsa cikin tokar Galunggung, dutse mai aman wuta a Indonesiya. Injuna huɗu duk suka mutu. Da ya buɗi baki, cewa ya yi da fasinjoji an sami 'yar matsala, injunan sun tsaya, ana bakin ƙoƙari a tayar da su. Allah ya sa suka tashi, ya sauka lafiya a Jakarta.

Wannan kamun kai ya burge ni ƙwarai. Mutum ne ke ƙin ɗora wa ɗan'uwansa tashin hankali, kamar majinyacinmu da ke cewa da sauƙi alhali ciwo na cin sa. Sai dai su abin ya wuce ciwo, ya shiga yabo da suka, har da fagen daga.

Nan ne yakan zama haɗari ga baƙo. A watan Afrilun 1951, a yaƙin Koriya, dakarun Sin suka yi wa sojojin Birtaniya ƙawanya a gaɓar kogin Imjin. Birgediya Tom Brodie ya shaida wa wani janar Ba'amurke cewa al'amura sun ɗan cakuɗe. Janar ya ɗauki maganar yadda ya ji ta, bai ba da umarnin janyewa da wuri ba, aka kama ɗaruruwan sojoji. Harshensu ɗaya fa, amma ba su fahimci juna ba.

Don haka ɗalibinmu mai shirin tafiya Ingila, in malaminka ya duba aikinka ya ce yana da 'yan ƙananan shawarwari, ka ɗauki alƙalami ka zauna da kyau, gyara babba yake nufi.