Ranar da Na Je Cinikin Injin Kwashe Ƙanƙara

Ku da kuke ganin dusar ƙanƙara a fim kuna cewa Allah Ya kai ku, ku zo ku ji nawa.

Aure ne ya kawo ni birnin Miniyafolis a jihar Minisota ta Amurka, a 2021. Hunturun farko da sauƙi, har hotuna na yi ta turawa gida. Amma na 2022 zuwa 2023, wayyo Allah! Ƙanƙarar da ta zuba ta kai inci 90. Kuma dokar birnin ita ce, idan ta daina zuba kina da awa 24 ki share hanyar ƙafa ta ƙofar gidanki, in ba haka ba hukuma ta share ta aiko miki da takardar kuɗi.

Farkon Janairun 2023 aka kwana biyu ana zubawa. Baban Hanifa ya fita da shebur bayan asuba, can sai na ji salati. Bayansa ya riƙe, ko ruku'u ya kasa. Ni kuma ga cikin wata shida. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Sai batun inji. Wani abu ne kamar amalanke mai injin fetur, gabansa da ƙarfe murɗaɗɗe da ke cin ƙanƙara, ya feso ta gefe ta wani bututu. Sabo mai ƙarfi ya haura dala 1,000, mu kuwa abin da ke hannunmu dala 400 ne, kuɗin lallen da na tara don hidimar suna. Dole sai na hannu. Ga shi tsakiyar hunturu ne, lokacin da masu sayarwa ke jan aji, don sai wajen Afrilu farashi ke faɗuwa.

Na farkon da muka gani ja ne, yana ta sheƙi, dala 150 kacal. Baban Hanifa har ya kai hannu aljihu. Ni ko sai Innata ta faɗo mini a rai. Shekara da shekaru tana sana'ar markaɗe a Kano, kuma ba ta taɓa sayen inji ba sai ta aiki Yayana Ƙofar Ruwa ya tambayo ko ana samun kayansa. Na duƙa da ƙyar ina neman lambar samfurin, wadda ake liƙawa a baya kusa da tayoyi. Fenti ya shafe ta. Na tambayi mai shi, ya ce ai kamfanin ya daɗe da rufewa, amma injin lafiyarsa lau. Na taɓa jikinsa na ji ɗumi, ashe ya riga ya tashe shi kafin mu iso. Na ja ƙarfen gaban, sai ga shi yana lilo, akwatin giyar da ke tsakiya kuma yana ɗigar mai.

Na ce, “Baban Hanifa, mu tafi.”

A mota bai ce mini uffan ba sai da muka kusa gida. Ya ce, “Ke yanzu makanikiya kika zama? Araha ta zo har gida kin kore ta.” Na ce, “Ka yi haƙuri, amma ka san araha ba ta ado. In giyar nan ta fashe, wa zai sayar mana da wata?” Daren nan tuwon ma kaɗan ya taɓa.

Kwana biyu bayan haka wani dattijo maƙwabcinmu ya kai mu wurin abokinsa. Nasa ƙirar Ariens ne, kamfanin da ke jihar Wiskonsin maƙwabciyarmu, ruwan lemo, ga tsatsa a baki, mummuna dai. Dala 400 ya ce. Lambarsa na nan raɗau. Nan take na kira shagon gyara na karanta musu, suka ce bel ɗinsa biyu, da faifan robar da ke tura tayoyi, da ƙusoshin kariya duk suna da su. Ƙusoshin nan abin mamaki ne, an yi su ne musamman don su karye idan injin ya ci dutse, su tsare giya. Na duba na ga na asali ne, ba a cusa masa ƙusar banza ba. Na sa aka tashe shi a sanyaye, ja biyu ya kama, sai dai yana ɗan shaƙewa, alamar tsohon fetur ya kwana a kafireta.

To, nan jinin Kanawa ya motsa. Na lissafa masa bel, fulogi, baƙin mai da wankin kafireta, na taya 280. Bature bai san “albarka” ba, kai kawai ya girgiza yana dariya. Muka daidaita a 325, gyara ya ci 60.

Da guguwar ƙarshen Fabrairu ta zo, ina taga da kofin shayi ina kallon mutumin naku yana tura inji, har ƙofar dattijon nan ya share. Ya shigo gemu duk ƙanƙara, ya ce, “Maman Hanifa, injin nan da na zaɓo fa ba dama.”

Na ce, “Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe.” Ragon suna dai sai bashi muka ci.