Lokacin da Attajiri Ke Cin Tuwo a Ƙofar Gida

Duk wanda ya yi wayo a Kano kafin zuwan naira a 1973, zamanin da ake ciniki da fam da sule da sisi da taro, ya san garin nan bai taɓa ɗaukar neman kuɗi abin kunya ba. Kakanninmu fatake ne. Sukan ɗaura wa jakuna kanwa da baƙin rini na Kura da jar fata, su kama hanyar Gwanja wata da watanni, su ƙetare Kwara, su biya kuɗin fito a ƙasashen da ba sa jin harshensu, su kwana a zango barci rabi da rabi saboda 'yan fashi, duk don su komo da goro. Wasu sun komo, wasu kaburburansu na can a hanya. Saboda haka idan matashi ya ji ana cewa mutanen dā ba su damu da duniya ba, kada ya yarda. Sun damu da ita ƙwarai, sun kuma neme ta da ƙafa da gumi. Bambancin yana wajen inda suke kai ta idan sun samo, da lokacin da suke ajiye nema su zauna.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa wa rai, manoma kuwa suka duba farashi suka shuka gyaɗa, kuma cikin 'yan shekaru fataken goro suka zama dillalanta. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, shi ne ya fi kowa cin wannan kasuwa, har ana ba da labarin cewa da banki ya buɗe reshe a Kano a 1929, a kan raƙuma ashirin aka kai masa kuɗinsa na azurfa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Mu da muka zo baya mun tarar da dalar gyaɗa a wajen Ƙofar Mazugal, buhu kan buhu har wuya ya gaji da kallo, 'yan dako na hawa da gudu da buhu a ka, suna waƙa, ƙura na tashi, ƙamshin gyaɗa ya cika unguwa. Yau ko buhu ɗaya babu a wurin.

Amma ba dalar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Zauren attajirin unguwa ne. Ku da kuka ga wannan zamani za ku tuna yadda bayan sallar magariba ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, yara su yi ta fitowa da akusa, tuwon dawa da miyar kuka daga wannan gida, dambu daga wancan, maigidan da ke da motocin ɗaukar kaya har Legas ya tanƙwashe ƙafa ya sa hannu a kwano ɗaya da mai gyaran takalmi da limamin masallacin unguwa, baƙon da dare ya yi masa a ce da shi bismilla tun kafin a tambayi sunansa, almajiri kuma ya san ƙofar da ba a komawa da kwano wayam. Gidan ƙasa ne, sai dai ya fi na maƙwabta faɗi da yawan ɗakuna, domin ya fi su yawan masu kwana. Da haka ake gane mai arziki. Mutum nawa ke ci a gidansa, yara nawa ya riƙa, nawa ya aurar, nawa ya ba jari suka tsaya da ƙafafunsu, wa ya biya wa haraji da aka zo kama shi. Yaron da ya yi wa maigida hidima shekaru yana da tabbacin cewa wata rana za a kira shi a soro, a ce ga mata an nema maka, ga rumfa a kasuwar Kurmi, Allah ya sa albarka. Dukiyar mutum tana yawo a gari da ƙafafu, tana gaishe shi da safe.

Kuma nema yana da iyaka, ko da mai neman bai so ba. Rana na faɗuwa kasuwa ta tashi. Ba wayar da za ta bi mutum har shimfiɗarsa da labarin cewa dalar Amurka ta hau. Wanda kayansa ke hanya sai ya jira, jiran kuwa yana koya wa zuciya wani abu da sauri ba ya koyarwa. Attajiri kan sami lokacin ɗaukar karatu a wajen malaminsa bayan asuba, ya raka gawa, ya zauna zaman makoki, ya je suna. Yanzu ta waya ake ta'aziyya, a biyo da alat.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake kwatantawa. Talaucin wancan lokaci mai haƙora ne. Manomin da ya noma gyaɗar da aka gina dala da ita sau da yawa a kan sikeli ake fara cutarsa, hukumar sayen amfanin gona kuma ta yanka masa farashi ƙasa da na kasuwar duniya. Haraji da jangali sun sa magidanta gudun gari, sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Ƙyanda da agana sun sha shiga gida su ɗauki yara biyu uku a damina ɗaya, mata sun mutu a kan gwiwa ba tare da an ga likita ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin asibiti da takardar magani a hannu, aljihu babu komai, ba zai yarda a gaya masa kuɗi ba sa kawo kwanciyar hankali ba. Suna kawowa. Abinci a rumbu, kuɗin makaranta, ɗakin da ba ya yoyo, bashin da aka biya, waɗannan barci ne mai daɗi, kuma da kuɗi ake sayensu. Shi ya sa addu'ar iyayenmu ba ta wuce Allah ya rufa asiri. Sun san daidai inda kuɗi ke aiki.

A ganina abin ya fara sauyawa ne a tsakiyar shekarun 1970. Fari ya buga a 1973, cuta ta cinye gyaɗa a 1975, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara. Aka biya ma'aikata ƙarin albashi na Udoji a dunƙule, har da ariyas, akawun da jiya yake kan keke ya wayi gari da babur, rediyo da agogo da firji suka ƙare a kantuna, farashi ya tashi bai sake sauka ba. Jiragen ruwa ɗauke da siminti suka yi cincirindo a tashar Legas wata da watanni. Aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Sai ga wani sabon attajiri da ba mu saba gani ba, wanda bai yi fatauci ba, bai yi yaron kowa ba, takarda ɗaya ya samu daga ofis, ta kwangila ko ta lasin shigo da kaya, ya kwana talaka ya tashi mai kuɗi. Daga ranar da yara suka ga haka, haƙurin shekara goma a rumfar maigida ya fara zama wauta a idonsu.

Daɗin bai daɗe ba. A 1980 naira ta fi dalar Amurka daraja. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya ta, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, masaƙun Kakuri a Kaduna da suka ciyar da dubban gidaje suka yi shiru. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Arzikin ya tafi, amma ƙishirwar da ya tayar tana nan.

Ku dubi gidan mai kuɗin yau. Katanga ta fi ta kurkuku tsawo, an nannaɗa mata waya, ga maigadi, ga na'urar ɗaukar hoto. Ban zarge shi ba, domin tun da satar mutane ta zama sana'a, har aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, duk wanda aka san yana da abin hannu ya zama abin farauta. Ba ya iya kwana a ƙauyen da aka binne cibiyarsa. 'Ya'yansa na karatu a ƙasashe uku, matarsa na sashenta, shi kuma yana cin abincin da likita ya auna masa saboda hawan jini da ciwon suga, wayoyi biyu na ruri a gefen faranti. Dangi na zuwa, amma ba ya iya bambance mai son sa da mai son aljihunsa, don haka yana zargin kowa. Na zauna da irin waɗannan mutane, mutanen kirki ne da yawansu, masu zakka da gina masallatai. Abin da ban cika gani a fuskokinsu ba shi ne sakewar da na gani a fuskar tsofaffin da ke lasar miya a tabarma.

Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Ɗantata, wanda ya gina matatar mai ta ganga 650,000 a rana a Legas, ya taɓa faɗa a wani taro a Abidjan a 2019 cewa akwai ranar da ya je banki ya ciro dala miliyan goma, ya kai gida ya zuba musu ido don ya tabbatar wa kansa yana da kuɗi, washegari ya mayar. Mutane sun yi dariya, ni kuwa labarin ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Babban buri ba laifi ba ne, matatar nan aiki ce da ƙasa ke buƙata. Amma ga wanda ya kai ƙololuwa yana shaida cewa bayan wani mataki, dukiya lambobi ce a takarda, ba ta ƙara wa tuwo daɗi, ba ta ƙara wa dare tsawo. Shi kuwa ɗan siyasa Malam Aminu Kano ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja bai bar wata dukiya ba, waɗanda suka ga jama'ar da ta fito jana'izarsa har yau suna ba da labari.

Ku kuma 'ya'yanmu, tausayinku nake ji fiye da yadda nake ganin laifinku. Mu da maƙwabcinmu kaɗai muke auna kanmu, shi ma mun san bashin da ke kansa. Ku kuwa kuna buɗe waya ku ga motar wani, da lefen wata akwati goma sha biyu, da bikin da aka yi kwana bakwai ana liƙi, ba wanda ke nuna muku hawayen da ke bayan hoton. Sai zuciya ta ƙi zama. Harkar zuba kuɗi ta MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, ba a daddara ba. A 2024 mun ga samari da magidanta, har da masu furfura, sun duƙufa suna danna waya dare da rana don neman kuɗin intanet, suna jiran ta fashe. Wanda ya samu dubu ɗari yana hangen miliyan, mai miliyan yana jin kunyar motarsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, amma wa ya koya muku? A hannunmu kuka ga an daina tambayar mutum inda ya samo, ana ba shi sahun gaba da sarauta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne igiyar da ta tsinke tsakanin mai shi da marar shi. Attajirin dā yana jin daɗin dukiyarsa ne domin yana ganin ta a jikin mutane, talakan da ke gefensa kuma yana da dalilin yi masa fatan ƙari, tun da ƙarin zai iso gare shi. Har yanzu akwai masu riƙe da wannan hali a kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau, Allah ya ƙara musu, sai dai sun zama abin nuni da yatsa. Ka shiga Kantin Kwari ka ƙirga yaran shagon da suka shekara goma sha biyar suna ɗaga dila suna auna yadi. Da yawansu sun haura talatin da biyar, ba aure, ba rumfa, ba ranar sallama, maigida kuma yana Chaina yana lodin wata kwantena.