Ruwan Landan da Fatar Baƙo

Jirginmu ya sauka a Heathrow da asuba, cikin watan Janairu, daga nan na kama jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa gidan Gwaggo a gabashin Landan. Sanyi dai na shirya masa da rigunan ulu. Amma kafin mako ya zagayo ƙwaurina ya yi furu-furu, bayan hannuwana ya soma tsagewa, ga ƙaiƙayi da ke hana ni barci.

Gwaggo ta ja ni kicin, ta buɗe butar da take dafa ruwan shayi. Gindinta duk ya kama wani farin ɓawo mai kauri, ana kankara da cokali yana ɓallowa kamar ƙanzon tukunya. Ta ce, "Kin ga wannan, 'yar nan? Da shi kike wanka."

Kudu maso gabashin Ingila a kan dutsen alli yake zaune. Ruwan famfon Landan, wanda akasarinsa ake ɗebowa daga kogin Thames da na Lea, sauran kuma daga ƙarƙashin ƙasa, yana kwaso sinadaran kalsiyam da magnesiyam a hanyarsa. Sha kam lafiya lau. Da sabulu ne ba sa shiri: kumfa ba ta tashi, mutum ya yi ta ƙara sabulu, sabulun kuma ya haɗu da sinadaran nan ya bar dauɗar da ke manne wa jiki ko an ɗauraye, ga shi ya riga ya wanke maiƙon fata. Ga alwala sau biyar a yini, ga hita da ke busar da iskar ɗaki.

Ƙa'idar Gwaggo ba ta da tsada. Ta hana ni soso da ruwa mai zafi sosai, ta ce ruwan ɗumi, kuma kar in daɗe a banɗaki. Sabulu sai inda ya zama dole. Abin da ta fi nanatawa shi ne a shafa mai tun jiki da sauran laima, domin man ya riƙe ruwan. Man kaɗanyar da na kawo mata tsaraba, shi ta raba biyu ta ba ni. Ina narka shi a tafin hannu, in bi ƙafa da gwiwar hannu, bayan kowace alwala kuma in ɗan shafa basilin. A ganina wannan shafawar kan lokaci ta fi kowane mai na kanti aiki.

Daga baya na hau jirgin ƙasa daga Euston zuwa Manchester. Can ina taɓa sabulu kumfa ta cika hannuna. Tun 1894 ake jawo wa garin ruwa daga tafkin Thirlmere, a yankin duwatsun da ba su da alli. Ƙaiƙayin ya lafa, sai dai ban ajiye man kaɗanya ba, domin sanyi da hita suna nan daram.