Zaɓen Cibiya Da Hannuwan Feda Ga Keken Hawan Dutse

Jama'a, a cikin dukkan kayayyakin da aka harhaɗa aka yi keke da su, babu wanda ake mantawa da shi kamar cibiya, alhali kuwa babu wanda ya kai ta shan wahala. Abin da nake kira cibiya shi ne wurin nan na can ƙasan jikin keke, inda wata sanda ta ratsa ta cikin bututu tana juyawa a kan boris, hannuwan feda biyu kuma suna ɗaure a bakinta dama da hagu. Duk ƙarfin da mahayi ya zuba daga cinyarsa ta nan yake bi kafin ya kai ga faranti mai haƙora, daga faranti ya kai ga sarƙa, daga sarƙa ya kai ga tayar baya. In kuwa mutum ya miƙe tsaye bisa feda a gangara mai duwatsu, to nauyinsa kaf bisa wannan 'yar sanda yake. Ga shi kuma tana kusa da ƙasa, watau ita ke fara shan ƙura da rani, ita ke fara shan taɓo da damina.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, cibiyar keken da nake hawa cikin tsaunukan Shere, gabas da Jos, ta ƙare, ya zama tilas in sake ta. Keken na gwanjo ne, kamar yawancin kekunan hawan dutse da ke ƙasar nan, yana da faranti uku a gaba da tsohuwar sanda mai baki huɗu. Da na kwance su duka na ɗora bisa ma'auni sai na ga sun haura kilo guda. Abokan hawa kuwa kowa da shawararsa, amma mafi yawansu abu guda suke faɗi: tun da za a kashe kuɗi, a sayi mafi rashin nauyi. Ni ma ina son rashin nauyi, domin ni ke tura keken in hawa ya gagara. Abin da na tsaya tunani a kai shi ne, a wane ɓangare ya kamata a rage nauyin, a wane ɓangare kuma ya kamata a bar shi yadda yake.

Shi wannan wasa a ƙasar Amurka aka haife shi, a gundumar Marin ta jihar Kaliforniya. Cikin shekarun 1970 waɗansu samari suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu kaurin taya da nauyin tsiya suna gangarowa da su daga kan tsauni, har suka fara tseren da ake kira Repack cikin 1976. Cikin 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan hawan dutse na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. Tun daga nan maƙera ke ta kokawa da nauyi, cibiya kuwa ta sha canji fiye da kima.

Masu tunawa da Raleigh ta iyayenmu sun san ƙusar nan da mai gyara kan buga da guduma don ta riƙe hannun feda. Bayanta aka koma ga sanda mai baki huɗu, wadda ake ɗaure hannun a kanta da noti. Tana da ƙarko ƙwarai, har yau ana samunta ko'ina, sai dai ita da borisinta sukan kai wajen giram 300. Cikin shekarun 1990 masu gudun nauyi suka yi ta da titaniyam, wanda nauyinsa ya ɗan haura rabin na ƙarfe. Amma taurinsa ma wajen rabi ne, saboda haka sanda mai kauri ɗaya takan yi lanƙwasa kusan ninki biyu in ƙato ya taka ta.

Maganin wannan kuwa duk wanda ya san gora ya san shi: abu mai kauri da rami a ciki ya fi siriri cushe ƙin lanƙwasa, ko da nauyinsu ɗaya. Sai aka ƙara wa sandar kauri aka huda cikinta. Shimano ya fito da Octalink mai haƙora takwas cikin 1996, waɗansu kamfanonin Amurka da Kanada kuma suka biyo da ISIS mai haƙora goma. To, a nan ne aka gamu da cikas. Bututun jikin keke faɗinsa bai wuce milimita 35 ba, ba a kuwa ƙara shi ba. Duk kaurin da aka ƙara wa sanda, daga wurin boris aka ɗebe shi. Ƙwayoyin boris suka ƙanƙance, ISIS musamman ya yi suna wajen saurin cinye su. Cikin 2003 Shimano ya yaɗa wata dabara da ƙananan maƙera suka riga suka gwada, watau a fitar da boris waje, cikin kofuna biyu da ake murɗawa a bakin bututun, sanda kuma ta zama milimita 24, a haɗe da hannun dama. Kofunan biyu ba su kai giram 100 ba, ƙwayoyin kuma suka sami wurin yin girma. A ganina babu canjin da aka yi wa cibiya da ya kai wannan amfani.

Ba a tsaya nan ba. Tun cikin 2000 Cannondale ya fito da BB30, mai sandar alminiyam ta milimita 30, wanda ake danna borisinsa cikin jikin keken ba tare da zare ba. Ya rage nauyi, ba shakka, amma in ramin ya kauce ko da kaɗan, sai keke ya dinga ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Akwai kuma wani irin rami da ya yawaita a kekunan hawan dutse, mai faɗin milimita 41. In aka zura masa sandar milimita 30, abin da ya rage wa boris a kowane gefe milimita 5 da rabi ne kacal, alhali da sandar 24 zai sami 8 da rabi. Ashe ramin da ISIS ya faɗa shi aka sake haƙawa. Cikin 2018 kamfanin SRAM ya rage wa tasa sandar kauri zuwa milimita 28.99, ya kira ta DUB, domin a sami ɗan wurin da za a kyautata robar da ke tare ƙura da ruwa. Mai karatu ya lura, su kansu masu ƙirar sun ja da baya saboda boris. In haka ta faru a ƙasashen da ba su san hunturunmu ba, ina ga wanda zai bi hanyar burji cikin watan Janairu, lokacin da ƙura ke shiga har cikin haƙori?

Yanzu sai lissafi. Hannuwan alminiyam masu rami na kirki, da farantinsu guda, sukan kai giram 600 da ɗoriya. Na zaren kabon mafi tsada sukan sauko wajen 430. Akwai ma na titaniyam da Cane Creek ya fitar cikin 2018, giram 400 ba tare da faranti ba, a kan dala 999 a lokacin. Bambancin dai ba ya wuce giram 200. Ni da keke da ruwan sha mun kai kilo 85, watau giram 200 kashi ɗaya ne cikin 425. A hawan da zai ci sa'a guda cur, ribar ba ta fi daƙiƙa takwas ko tara ba. Ledar ruwan nan da muke saye a bakin hanya rabin lita ce, giram 500, ta ninka wannan bambanci sau biyu da rabi. Ban raina daƙiƙa takwas ba. Tun cikin 1996, a Atlanta, aka shigar da tseren kekunan hawan dutse cikin wasannin Olamfik, kuma a can ƙasa da haka ma ya taɓa raba zinariya da azurfa. Sai dai ɗan tsere yana da bakanike a bayansa da kamfanin da ke ba shi sabo in wannan ya lalace, ni kuwa daga aljihuna ne.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Hannun feda shi ke dukan dutse, kullum kuwa sai ya daka. Alminiyam in ya daku yakan nuna tabo, mutum ya duba ya ga ko ya fara tsagewa. Kabon kuwa yana iya yin rauni daga ciki, waje na ƙyalli. Karyewar hannun feda kuma ba ta sallama. Takan zo ne daidai lokacin da mahayi ya miƙe ya zuba dukkan ƙarfinsa, sai ƙafa ta tafi ƙasa, jiki ya bi ta. Ko alminiyam ɗin ma, in an matsa masa da neman rashin nauyi, yana da iyaka. Cikin Satumba na 2023 Shimano ya yi kiran a dawo da hannuwan feda 760,000 a Amurka da Kanada don a duba su, bayan rahoto 4,519 na rabewarsu da jikkatar mutum shida. Na kekunan tseren kwalta ne, irin waɗanda ake yi ɓari biyu a manne da gam, ba na hawan dutse ba, amma ya ishi mai hankali ishara. Garin gyaran gira kada a rasa ido, balle a wurin da babu mota sai an yi tafiyar sa'a guda a ƙasa.

Saboda haka ga abin da na zaɓa. Keken nawa mai zare ne, faɗin bututunsa milimita 73, sai na sa kofunan waje da sandar ƙarfe mai rami ta milimita 24, da hannuwan alminiyam masu rami waɗanda aka ƙera ƙira guda. Nauyin kuwa a wurin faranti na zubar da shi. Tun da SRAM ya fito da tsarin faranti ɗaya cikin 2012 aka gane cewa uku sun yi yawa, muddin giyar baya tana da faɗi. Na sa guda mai haƙora 32, irin wanda haƙoransa ke bin juna siriri da kakkaura don kada sarƙa ta zame, a baya kuma daga 11 zuwa 42. Da haka na cire macanjin giyar gaba da maɓallinsa da wayarsa. Jimillar abin da ya tafi ya haura rabin kilo, ba tare da an taɓa girman ƙwayar boris ko ɗaya ba. Na kuma rage tsawon hannun daga milimita 175 zuwa 170, na ɗaga sirdi milimita 5 don gwiwa ta zauna daidai. Wannan 'yar tazara ta rage mini dukan dutse fiye da yadda na zata.

Ga wanda zai bi wannan hanya, ya fara auna bututun kekensa kafin ya je kasuwa, domin cibiya ba ta da “kusan daidai”. In mai zare ne na milimita 73, zobe ɗaya na milimita 2 da rabi ake sawa a gefen sarƙa. In na 68 ne, uku ake sawa, biyu dama ɗaya hagu. Kofin dama zarensa a juye yake, hagu ake murɗa shi ya ɗauru, kuma ya kamata a tsaya a kan mai gyara ya shafa giris ya fara murɗawa da hannu kafin ya ɗauki sifana, ya kuma ajiye gudumar Raleigh gefe. Kada a bari masu wankin mota su auna cibiya da bututun ruwansu mai ƙarfi, don yakan kore giris ya bar ruwa a ciki. Duk ƙarshen damina da ƙarshen hunturu nakan sauke sarƙa daga faranti, in juya feda da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da jikin keken. In na ji gurzawa kamar yashi, lokacin canji ya yi. Kofunan ba su da tsada in an gwada da hannuwan, don haka biyu na saya, ɗaya na jikin keke, ɗaya na cikin akwati.