Sangaya ta girme mu, amma ba ta tsufa ba

'Yan uwa ɗalibai, wata tambaya: me ya sa duk bikin da za a yi a makarantar nan, sababbin waƙoƙi su yi ta tashi kowa na latsa waya, amma da an saki Sangaya sai fili ya cika?

Fim ɗin ya fito a 1999, daga kamfanin Sarauniya na Kano, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja shi. Yawancinmu ba a ma haife mu ba. A bayan iyayenmu mata muka ji ta, suna wanke-wanke suna bi, ko a gidan maƙwabcin da ya fi kowa kaset.

Sirrinta na farko kiɗan ne. Fiyanon Yamaha aka buga, amma aka sa shi ya yi muryar sarewa da ganga, sai ya zama sabon abu mai ɗanɗanon gida. Na biyu labarin: yarima ya so baiwar gidan sarauta, fada ta ƙi. Wa a cikinmu bai san wata soyayya da aka kashe da "ba namu ba ne" ba?

A nan ne zancen ya shafe mu mu 'yan Kafanchan. Garin nan jirgin ƙasa ne ya tara shi, Hausa kuma ita ce bakin kasuwa, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake waƙa a coci. Amma mun san 1987, rikicin da ya faro daga harabar kwalejin ilimi. Mun san 2011, lokacin da kasuwa ta ƙone. Har yau akwai unguwar da wani ba ya kwana. A makaranta ma kowa da ƙungiyarsa, kowa da bencinsa a lakca.

Abokiyar ɗakina 'yar Kagoro ce, 'yar kwaya a cocinsu. Wallahi ta fi ni iya baitocin, ni da Hausa ce nonon da na sha. Ta ce a bikin yayarta aka yi rawar, kamar yadda aka yi a na innata. Wata 'yar Bajju daga Zonkwa ma haka ta ce. Ashe duk tarbiyyar kunne ɗaya aka yi mana, ba mu sani ba.

Ban ce waƙa za ta sasanta Kudancin Kaduna ba, ciwon ya fi ƙarfin fiyano. Abin da nake cewa, wanda kuka yi rawa ɗaya da shi daren Asabar, bai kamata ranar Litinin ku wuce juna ba gaisuwa ba. Ku tambaye shi a ina ya fara jin waƙar. Hira za ta ɓalle, ku ga.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya ba mu sa'ar jarabawa.