Kore biyu da suka kusa jawo mini surutun 'yan jere

1/ Saura kwana 12 biki, ban yi wa falo fenti ba. Amarya ta ce kore take so, don ya shiga da labulen da gwaggonta ta yanko a Kantin Kwari. Na ce ai kore kore ne. Ashe ban san komai ba.

2/ A Sabon Gari mai shago ya buɗe mini kala biyu. Wallahi a idona duk ɗaya. Ya ce, "Ango, duba da kyau. Wannan ya karkata ga rawaya, kamar ɗanyen ganyen zogale. Wancan akwai toka-toka a cikinsa."

3/ Na nufi Fagge, na kutsa Kwari, na samo ƙyallen labulen. A ƙarƙashin farin ƙwan shagon, mai rawayar ne ya shiga da shi tsaf. Saura kaɗan in biya bokiti biyu masu lita 20.

4/ Mai fentina ne ya taka mini burki. Ya ce in sayo ƙananan gwangwani, mu shafa kowanne a bango, shafi biyu, mu bari ya bushe. Jiƙaƙƙen fenti ba ya nuna ainihin kalarsa.

5/ Na rataye ƙyallen a tsakaninsu. Tagar falon yamma take kallo. Da hantsi duk lafiya. Bayan la'asar da rana ta faɗo ciki, mai rawayar ya ƙara rawaya, ya yi kore shar har yana ɗaukar ido, labulen kusa da shi ya koma kamar wanda ya sha wanki. Mai tokar kuwa ya kwanta luf, ya bar labulen ya fito. Hasken yamma ja-ja ne, shi ke zuga rawayar.

6/ Da dare mai tokar ya ɗan yi duhu, gaskiya. Sai da na ƙara ƙwai ɗaya. Amma shi na ɗauka.

7/ Ranar jere ina waje gabana na faɗuwa, don gwaggon nan ba ta ɓoye magana. Ƙanwata ta fito ta ce, "Yaya, ta shafa bangon, ta tambayi wa ya zaɓa."

"Me kika ce mata?"

"Na ce amarya ce."